Muhawara: me ya sa garin dutsen fosfat ba ya aiki kamar takin supa?

Bashir Malamin Gona: Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masana ƙasa da sinadarai. Garin dutsen fosfat irin na yankin Sakkwato da na Tawa, in aka auna shi ana samun P2O5, wato ma'aunin fosfat da ake rubutawa a buhun taki, sama da kashi 25 cikin 100. Takin supa kuwa 18 ake rubutawa a jikin buhunsa. Amma in aka zuba su a gonar masara guda, supa ne ke nuna kansa a wannan damina, garin dutsen kuwa kamar ba a zuba komai ba. Ina nasa ya tafi? Kuma tunda dutsen na nan a ƙasarmu, me ya hana a niƙa a ba manoma?

Malama Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Babu inda ya tafi, yana nan kwance a ƙasar, shuka ce ta kasa shan sa. Lambar jikin buhu tana faɗin abin da ke ciki ne, ba ta faɗin nawa zai narke.

Fosfat ƙwayar zarra ɗaya ce ta fosfaros da huɗu na oksijin kewaye da ita, wato PO4. A cikin ruwa yana kama haidirojin gwargwadon tsamin ruwan, shi ya sa yake da siffa huɗu: H3PO4, da H2PO4⁻, da HPO4²⁻, da PO4³⁻. Yana sauyawa daga wata zuwa wata a wajen pH 2.1 da 7.2 da 12.3 (pH ma'aunin tsami ne: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa-kanwa). Ƙasar noma ba ta kai wa can ƙasa ko can sama, don haka biyun tsakiya kawai suka shafe mu, kuma su kaɗai saiwa ke sha. A pH 7.2 rabi da rabi suke. A 6.2 na farkon, wato H2PO4⁻, ya ninka na biyun sau 10, a 8.2 kuma lissafin ya juye. Saiwa ta fi saurin ɗaukar na farkon.

Shi kuwa dutsen, ma'adinin afatait ne, fosfat ɗin na ɗaure da kalsiyam da fuloraid, ruwan sama ba ya kwance shi. Supa shi ne wannan dutsen bayan an jiƙa shi da asid ɗin salfa:

Ca3(PO4)2 + 2H2SO4 → Ca(H2PO4)2 + 2CaSO4

Na farko a hannun dama yana narkewa a ruwa. Na biyun jibsam ne, shi ne ya sa lambar ta sauko zuwa 18, amma shi ne kuma ke ba gona salfa kusan kashi 11 zuwa 12 da kalsiyam. John Bennet Lawes ne ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1842, kuma har yau ita ake bi.

Malam Habu: Allah ya ƙara sani, Malama. In ƙara da lissafi ɗaya da ke sa mutum ya gane girman matsalar. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa in yana da miligram 0.2 na fosfaros a lita, ana cewa ya wadatar da yawancin amfanin gona. Ɗauki hekta ɗaya, zurfin santimita 20, danshi kashi 20 cikin 100: lita 400,000 ke nan. Ninka da 0.2, gram 80 kacal. Masarar da za ta yi kyau kuwa tana buƙatar kilo 15 zuwa 20 a damina. Ke nan abin da ke narke tsabar da ke cikin ƙwarya ce, sauran na rumbu, kuma dole a ciko ƙwaryar sau ɗaruruwa kafin girbi. Duk maganar fosfat a gona maganar saurin wannan cikowa ce.

Na biyu, fosfat ba ya tafiya. Naitirojin na yuriya yana bin ruwa har ya je wa saiwa. Fosfat santimita kaɗan yake matsawa daga inda ƙwayar taki ta faɗi, saiwa ce za ta je ta same shi. Wanda ya watsa kamfa a saman kunya bayan masara ta kai gwiwa, naitirojin ɗin zai yi aiki, fosfat ɗin kuwa yana nan a busasshen saman ƙasa inda babu saiwa.

Issufu Maraɗi: Malam Bashir, kada a yi wa dutsen kuɗin goro. Duwatsun ba ɗaya ba ne. Na Tawa a nan Nijar da na Tilemsi a Mali suna da ɗan sauƙin narkewa, an gwada su kai tsaye a gonar gero sun yi amfani. Na gandun dajin W a Nijar da na Kojari a Burkina sun fi tauri. Bambancin daga ginin ma'adinin ne: inda kabonet ya shiga gurbin wani ɓangare na fosfat ɗin, dutsen ya fi saurin sakin jiki. Ana gane wannan a ɗakin gwaji da asid ɗin lemon tsami mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a ga nawa ya narke.

Sharuɗɗan aikinsa sanannu ne. Ƙasa ta kasance mai tsami, pH ƙasa da 5.5. Kalsiyam ya yi ƙaranci a cikinta, don in ƙasar ta ƙoshi da kalsiyam ba za ta ja na dutsen ba. A niƙa shi ya yi laushi, ya wuce rariya mai ramin milimita 0.15. A watsa shi a cakuɗa da ƙasa kafin shuka. Sannan a yi haƙuri, a damina ta biyu da ta uku yake biya.

Bashir Malamin Gona: To ga wani ruɗani. Malam Habu na nuna a binne taki kusa da saiwa, Malam Issufu na cewa a watsa.

Malam Habu: Duka biyun daidai ne, don kayan ba ɗaya ba ne. Garin dutse yana buƙatar ƙasa ta taɓa shi ta ko'ina don tsaminta ya ci shi, shi ya sa ake watsawa a cakuɗa. In ka tara shi a rami guda, ɗan kalsiyam ɗin da ya fara fita zai tsayar da narkewar sauran. Supa da DAP (takin amoniya da fosfat) kuwa sun riga sun narke, abin tsoro shi ne ƙasa ta kama su. A ƙasa mai tsami ƙarfe da alminiyam ne ke riƙe fosfat, a ƙasa mai kanwa-kanwa, sama da pH 7.5, kalsiyam ne. Mafi sauƙi tsakanin 6 da 7. Don haka ake tara su wuri ɗaya don ƙasar da za ta taɓa su ta ragu: rami ko layi, santimita 5 a gefen iri, santimita 5 ƙasa da shi, ranar shuka ko cikin mako biyun farko.

Injiniya Sale: Malam Habu, ina da ja a kan maganar kamawar nan. An cika maimaita ta kamar duk ƙasar Afirka haka take. Wannan magana ta jar ƙasar wurare masu ruwa da yawa ce, da ƙasar da ta samu daga dutsen aman wuta kamar wasu sassan tsaunin Jos da Mambila. Jigawar Kano da Katsina da Damagaram rairayi ce, lakarta kaɗan ce, ba ta da abin da za ta riƙe fosfat da ƙarfi. Matsalarta babu shi ne tun asali.

Malam Habu: Ban musa ba, Injiniya, kuma wannan albishir ne ga manomin jigawa: ɗan abin da ya zuba yana nunawa, ragowar kuma na amfanar shukar baɗi. Amma ko a jigawa, abin da shuka ke ɗauka a daminar farko bai cika wuce kashi 10 zuwa 25 cikin 100 ba, saboda rashin tafiyar da na faɗa. Binnewa kusa da iri tana nan daram.

Issufu Maraɗi: A kan haka aka gina tsarin ɗan taki a gindi da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa. Gero rami 10,000 a hekta, wato mita ɗaya tsakani. Kowane rami gram 6 na kamfa 15-15-15 (lambobin naitirojin, fosfat da fotasiyam ne), kusan cikin murfin kwalbar lemo, ko gram 2 na DAP, ɗibar yatsa uku. Kilo 60 na kamfa ke nan a hekta, ko kilo 20 na DAP. Duka biyun suna ba da fosfaros wajen kilo 4. Amfaninsa saiwa ta yi saurin kafuwa, shuka ta tsere wa farin farkon damina da rairayin da iska ke binne ta da shi.

Inda ake ɓata shi: zuba DAP a kan iri kai tsaye a ƙasa mai ƙarancin danshi. In ƙwayar DAP ta fara narkewa, kewayenta na hawa wajen pH 8, amoniya ta fita ta ƙone tsiron. Manomi ya ga gero bai fito ba ya ce iri ne mara kyau. A sa taki, a ture ƙasa kaɗan a kai, sannan iri.

Malam Habu: Tsarin yana aiki, amma a faɗi gaskiyar lissafinsa. Tan ɗaya na hatsi yana fita da fosfaros wajen kilo 3. A ƙara da kara, wanda a wurinmu ba a barin sa a gona, ana kwashewa don dabbobi da danga da makamashi. Kilo 4 da ƙyar ya mayar da abin da aka cire, naitirojin da fotasiyam kuwa ana cin bashin ƙasa ne. In ba a haɗa da takin gargajiya ba, bayan wasu shekaru amfanin zai ja baya.

Injiniya Sale: Tunda an shiga lissafi, a gyara wani kuskure da ke yawo. Lambar tsakiya a buhu P2O5 ce, ba fosfaros zalla ba. A ninka da 0.436 a samu fosfaros. Buhu mai kilo 50 na 15-15-15 yana da P2O5 kilo 7.5, wato fosfaros kilo 3.3. Na 20-10-10 yana da kilo 5, wato 2.2. Shawarar da aka saba bayarwa ga masara a yankin Zariya ita ce kilo 120-60-60 a hekta. Buhu 8 na 15-15-15 ya cika 60 ɗin, a ƙarasa naitirojin da yuriya. Wanda ya sayi buhu 8 na 20-10-10 yana ganin abu ɗaya ne, 40 ya zuba, saura 20, wato buhu 2 da ɗan ɗori na supa. Da DAP mai 18-46-0 kuwa kilo 130 ya isa.

Wannan ya shafi mutane da yawa, domin takin da aka riƙa haɗawa a Najeriya ƙarƙashin shirin taki na shugaban ƙasa, bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da Maroko a 2016, 20-10-10 ne. DAP ɗin da aka haɗa shi da shi daga Maroko aka riƙa kawowa, ita ce ke da wajen kashi 70 cikin 100 na ajiyar dutsen fosfat da aka sani a duniya.

Ga gyaɗa da wake da waken suya, ni a ganina supa ya fi DAP da kamfa nesa ba kusa ba. Naitirojin suna samo nasu daga iska, abin da ƙulluttan saiwarsu ke nema fosfat ne, kuma gyaɗa na son kalsiyam da salfar da ke cikin jibsam don kada ta yi kwanso babu ƙwaya.

Abubuwa uku kada a haɗa. Supa da yuriya a buhu ɗaya: yuriya na fitar da ruwan da ke ɗaure a jikin supa, su zama caɓi. Supa da toka ko farar ƙasa: fosfat ɗin zai koma siffar da ba ta narkewa, an mayar da aikin masana'anta baya. Sai masu ban ruwa na ɗigo: kada takin fosfat ya haɗu da kalsiyam naitiret a tanki guda, farin gari zai kwanta ya toshe ramukan tiyo. Tanki biyu ake yi, ko a ba su a ranaku daban a wanke layi tsakani.

Bashir Malamin Gona: Shin ba za a iya ɗan jiƙa na Tawa ko na Sakkwato da rabin asid ba don rage tsada?

Issufu Maraɗi: Ana yi, amma ba kowane dutse ke karɓa ba. Na Tawa yana da ƙarfe da alminiyam da yawa, abin da asid ya kwance sai su sake kama shi a cikin buhun. Na W mai tauri shi ya fi amsa wannan dabara. Hanya mai sauƙi ga manomi ita ce zuba garin a cikin tulin takin gargajiya yana ruɓewa, tsamin ruɓewar ya ɗan ci shi. Ba zai zama supa ba, amma ya fi zuba shi haka nan.

Malama Rabi: Tunda Malam Habu ya ce saiwa ce ke zuwa neman sa, a ambaci mai taimaka mata. Akwai naman gwari da ke zama a jikin saiwar yawancin tsirrai, ana kiran haɗin maikoraiza. Zarensa ya fi gashin saiwa siranta, yana kutsawa santimita da dama bayan inda saiwa ta tsotse, ya kawo fosfat, shuka ta biya shi da sukari. Rogo da masara da albasa suna dogaro da shi sosai, kabeji da danginsa ba sa hulɗa da shi.

Dalilin da ya sa duk mai rai ke wannan fafutuka: ƙashin bayan DNA, sarƙar da ke ɗauke da gadon halitta, sukari ne da fosfat, sukari da fosfat, a jere. Fosfat na iya riƙe sukari biyu da hannu biyu kuma ya rage da caji, cajin nan ke kore ruwa daga tsinka sarƙar, shi ke hana ta ficewa ta bangon ƙwayar halitta. Shi kansa bangon da kitse mai kan fosfat aka gina shi. Sai ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzari a jiki, mai fosfat uku a jere: cire na ƙarshe na sakin kuzari wajen kilojul 30 a kowane mol (ma'aunin yawan sinadari), da shi tsoka ke motsi, da shi saiwa ke jan abinci. Abin da jikin mutum ke sarrafawa ya sake ginawa na ATP a yini ya kai kusan nauyin jikinsa. Asenik na da guba ne a wani ɓangare saboda asenet na kama da fosfat, jiki ya saka shi a gurbinsa, haɗin kuma ya wargaje nan take a ruwa.

Shi ya sa masarar da ta rasa fosfat take tsumburewa, tsofaffin ganyenta na ƙasa su yi shunayya daga gefe. Sukari ne ya taru babu kuzarin sarrafa shi. Amma a lura, sanyin hunturu na kawo wannan launi a masarar rani ko da fosfat na nan, don saiwa ba ta aiki sosai a ƙasa mai sanyi. In rana ta yi zafi ya washe, ba taki ba ne matsalar.

Dakta Lawal: Ku ba ni dama in shigo da dabbobi, don nan ma ana asara. Kashi 85 cikin 100 na fosfaros ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙori, a siffar afatait, ɗan uwan dutsen da kuke magana. Babban mutum na ɗauke da wajen gram 700. Ciyawar da ta fito a ƙasar da ba ta da shi ita ma ba ta da shi, musamman in ta bushe da rani. Saniya sai ta fara tauna ƙashi da itace da tsumma, ta rame, ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba. Haɗarin tauna ƙashin mushe shi ne gubar botulizim. A Afirka ta Kudu Arnold Theiler ne ya gano wannan alaƙa wajen 1919, maganin kuma garin ƙashi ne a abinci.

A ragon kiwo kuma akasin haka ake samu. Dusar alkama na da fosfaros sama da kashi 1 cikin 100, kalsiyam kuwa wajen 0.1. Abin da ake so kalsiyam biyu, fosfaros ɗaya. In aka ɗora rago a kan dusa zalla, rarar fosfat na fita ta fitsari, ta haɗu da maganiziyam da amoniya ta zama tsakuwa, ta toshe ɗan siririn bututun da ke kan mazakutarsa. Alamu: yunƙurin fitsari ba ya fita sai ɗigo, cizon haƙora, harbin ciki, daina ci. In aka bar shi kwana ɗaya zuwa biyu mafitsara na iya fashewa. Wannan aikin likitan dabbobi ne da gaggawa, kuma kada a ba shi maganin sa fitsari, ƙara matsa mafitsarar zai yi.

Rigakafi: harawar wake ko ta gyaɗa kullum, don suna da kalsiyam. In dusa ce mafi yawan abincin, kilo 10 na dusar alkama na neman wajen rabin kilo na garin farar ƙasa ta abincin dabbobi, a rage in ana ba da harawa da yawa. Gishiri kashi 1 cikin 100 don ya sha ruwa, ruwan kuma kada ya yanke. Masu kiwo da yawa suna ƙara amoniyam kulorayid kashi 0.5 cikin 100 don fitsarin ya yi tsami.

Hajiya Binta: Dakta, to kaji fa? Su ma hatsi da dusa suke ci, amma ana ƙara masu DCP, garin nan na kalsiyam da fosfat.

Dakta Lawal: Hajiya, saboda kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na fosfaros ɗin hatsi a ɗaure yake cikin sinadarin faitet. Tumbin rago da saniya na da ƙwayoyin halittar da ke kwance shi, kaza ba ta da isassu. Shi ya sa ake ƙara DCP, mai fosfaros wajen kashi 18, ko garin ƙashi, ko kuma a zuba sinadarin faites da ke kwance faitet ɗin. Kazar ƙwai na son kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100 na abincinta, fosfaros mai amfani wajen 0.4. In aka wuce da fosfaros ɓawon ƙwai ne ke yin laushi. Abin da kaza ta kasa narkewa kashinta yake bi, dalilin da ya sa kashin kaji ya fi na shanu fosfat ke nan. Faitet ɗin nan a abincin mutum ma yana riƙe ƙarfe da zink, jiƙa gero da tsimawar kamu na rage shi.

Malam Habu: Wannan ya kawo wata matsala ga masu lambu. In kana zuba kashin kaji gwargwadon naitirojin ɗin da kayan lambu ke buƙata, fosfat ɗin da ke biyo shi ya ninka buƙata. Shekara da shekaru yana taruwa, har ya fara hana shuka ɗaukar zink, sabbin ganye su yi fari-fari. Irin wannan fili yuriya yake so, ba kamfa ba. Gwaji ne ke raba gardama: a ɗebi ƙasa daga wuri 15 zuwa 20 a zurfin santimita 20, a cakuɗa a bokitin roba, a shanya rabin kilo a inuwa. A gaya wa ɗakin gwaji su fara auna pH. Ƙasa mai tsami hanyar Bray-1 ake bi, mai kanwa-kanwa hanyar Olsen. In aka yi Bray a ƙasa mai farar ƙasa, ita za ta cinye asid ɗin gwajin, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, a sa manomi sayen abin da ba ya buƙata.

Hajiya Binta: Ku kuna nema, mu a ruwa gudunsa muke. A yawancin tafkuna na ruwan daɗi fosfat ne ke iyakance yawan gansakuka. A ƙidayar zarra jikinta na ɗaukar kabon 106, naitirojin 16, fosfaros 1, don haka ɗan kaɗan na haifar da tuli. An tabbatar da haka a Kanada a 1973: David Schindler da abokan aikinsa suka raba tafki mai lamba 226 gida biyu da labule, suka zuba kabon da naitirojin a duka ɓangarorin, fosfat a ɗaya kawai. Wannan ɗayan ne ya zama kore shar. Irin wannan shaida ta taimaka wajen hana sa fosfat a sabulun wanki a ƙasashe da dama. Tafki in ya wuce wajen miligram 0.03 a lita ya shiga haɗari. Ku kwatanta da 0.2 ɗin da Malam Habu ya ce gona na so.

A kududdufin karfasa ana son ɗan kore, abinci ne. Ma'auni: a nutsa farin faifai, ya ɓace wa ido a santimita 30 zuwa 40. In ya ɓace kafin 20, a tsayar da taki, a rage abinci, a sauya wani ɓangare na ruwan. Gansakuka na ba da oksijin da rana, da dare ita ma shaƙa take, shi ya sa kifi ke taruwa a sama yana haki da asuba, kuma a lokacin ake yawan mutuwa, balle in an kwana biyu da hadari ko hazo.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne an daina zuba komai amma koren na dawowa. Lakar ƙasan ce. Muddin da oksijin, ƙarfe na riƙe da fosfat a cikinta. In oksijin ya ƙare, ƙarfen ya sauya siffa ya narke, ya saki abin da ya riƙe. Sai an zubar da ruwa an kwashe lakar.

Malam Habu: Wannan sauyin na ƙarfe shi ne ke faruwa a fadamar shinkafa. Bayan an tare ruwa da 'yan makonni fosfat na ƙaruwa da kansa, shi ya sa shinkafar fadama ba ta cika nuna ƙarancinsa kamar ta tudu ba. Lakar da Hajiya ta ce a kwashe kuma taki ce, a kai ta gona.

Bashir Malamin Gona: Ana cewa ƙurar hunturu na kawo fosfat. Gaskiya ne?

Malama Rabi: Gaskiya ne, amma a san girmansa. Fosfaros ba shi da hanyar iska kamar naitirojin da kabon. Daga dutse yake fita, ya bi ƙasa da tsirrai da dabbobi, ya gangara teku ya kwanta, sai bayan miliyoyin shekaru ƙasa ta ɗago shi. Na Sakkwato da Tawa ma kwancen tsohon teku ne. Ƙura na cikin 'yan hanyoyin da yake tsallaka nisa. Kwarin Bodele a Chadi busasshen gindin tsohon babban Tafkin Chadi ne, cike da ragowar halittun ruwa, kuma yana cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya. Binciken da aka yi da tauraron ɗan'adam na NASA, aka fitar a 2015, ya ƙiyasta ƙurar Sahara na sauke fosfaros wajen tan 22,000 a dajin Amazon a shekara. A lissafin binciken, wajen gram 23 ke nan a hekta. Ga dajin da ganyensa ke faɗuwa ya ruɓe a wurin, wannan na cike abin da ruwa ya wanke. Mu da muke kusa da tushen ƙurar muna samun fiye da haka, amma gonar da ake kwashe kilo 10 daga cikinta duk shekara ba za ta dogara da shi ba.

Dakta Lawal: Gargaɗi ɗaya, don a kasuwa ana rikita takin fosfat da wasu magungunan ƙwari masu fosfaros. Ƙwayar da ake sa wa a buhun wake da masara alminiyam fosfaid ce, ba ta da alaƙa da taki. In ta sha danshi tana fitar da iskar fosfin mai kisa, ba a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin kwana ko kusa da dabbobi. Su diklobos kuma, da ake fesa wa ƙwari, suna tsayar da sinadarin da ke kashe saƙon jijiya, shi ya sa wanda ya sha yake dalalar da miyau, ƙwayar idonsa ta tsuke. Asibiti kai tsaye, a tafi da kwalbar.

Hajiya Binta: Malama Rabi, in ana son auna fosfat a ruwan kududdufi, yaya ake yi, kuma me ke ɓata sakamako?

Malama Rabi: Hanyar shuɗin molibdinam, Hajiya. Ana zuba amoniyam molibdet cikin asid, sannan asid ɗin askobik, ruwan ya yi shuɗi gwargwadon fosfat ɗin da ke ciki. A jira minti 10 zuwa 30, a karanta a na'ura a nanomita 880, ko a gwada da katin launi in ƙaramin kayan gwaji ne. Wannan na nuna wanda ke narke kawai. In ruwan ya yi kore sosai za ki iya samun kusan sifili, don gansakuka ta shanye shi yana jikinta. Mai son jimilla sai ya dafa samfurin da fasalfet tukuna.

A ɗebi ruwan a zurfin kamu ɗaya ko biyu, nesa da inda ake zuba abinci, a tace nan take, a sa a sanyi, a auna cikin kwana 2. Babban mai ɓata aiki kwalba ce: kada a wanke ta da garin sabulu, wasunsu na da fosfat, kuma yana manne wa gilashi. A wanke da asid ɗin haidirokulorik mai rauni, a ɗauraye sau 3 da tataccen ruwa, a ware waɗannan kwalabe don wannan gwajin kaɗai. Kowane zagaye a haɗa da kwalba ɗaya ta tataccen ruwa zalla. In ita ma ta yi shuɗi, a zubar da sakamakon a sake.